Yatsu Huɗu

Gidanmu daga rami ya fito.
Kududdufin nan na bayan makarantar Mirya,
inda kwaɗi ke kwana suna musu da damina,
shi ne cikin da ya haifi ɗakin Inna.
Duk zurfin da ka gani a can
tsayin katangarmu ne aka kifa.

Tinau magini ya ɗora shi, shekarar da aka yaye ni.
Ba igiyar awo, ba takarda.
Da ƙafa ya auna fili, taki bakwai da rabi,
ya ce rabin na tunkiya ne in ta haihu da dare.
Kwana uku ana cuɗa ƙasa da ciyawa,
jakuna na sintiri da ruwa,
don a ƙasar Damagaram ruwa ba ya zuwa don an kira shi.
An ce a kan katanga yake zama kamar mai hawan raƙumi,
yara na jefo tubali, yana cafewa ba ya ko duba.
Azarar giginya ya shimfiɗa, wadda gara ke gaida ta wuce,
ya kafa zanko biyu kamar kunnen zomo,
ya karkata indararo wajen lungu.
Da ya gama yaɓe sai ya danna tafinsa bisa ƙofa.
Yatsu huɗu.
Na biyar gatari ya ci tun yana yaro.

Bara waccan yayana Barma ya aiko kuɗi daga Tamanrasat.
Ya ce abin kunya ne, yana dakon siminti a ƙasar wasu,
uwarsa na kwana cikin laka.
Muka yi bulo, muka buga kwano,
ƙofar ƙarfe shuɗiya, taga mai gilashi.
Unguwa ta zo kallo.
Na ɗauki hoto na tura masa,
ya yi kuka a waya, kuɗin kira na ƙonewa.

Kwana uku Inna ta yi a ciki.
Rana ta shiga da hantsi, ta ƙi fita har asuba.
Ta ce, “Ku gaya wa Barma na gode,
amma wannan tanda ce, ni kuwa ba waina ba.”
Da ruwan fari ya sauka a kan kwano
ko tasbihinta ba ta ji.
Ta naɗe tabarma, ta ɗauki buta,
ta koma inda bango ke riƙe sanyin dare kamar randa.
Yanzu buhunan gero ne a ɗakin Barma,
da babur ɗina, da wata kaza mai kwanci.

Ba na yi wa ƙasa ƙarya.
Kowace shekara tana neman hakkinta.
Ka manta da yaɓe sau ɗaya, damina ta lashe kafaɗarta.
Katangar su Gambo ta kwanta a watan takwas,
ta danne awaki biyu, Allah ya tsare jikansa.
Tinau ya rasu.
Ɗansa kabu-kabu yake yi a Zindar,
ya ce laka ba ta sayen fetur, kuma bai yi ƙarya ba.

Don haka bana ni na hau tsani.
Na jiƙa makuba, na kwaɓa yadda na ga ana yi,
na shafa a karkace, Inna na ƙasa tana gyara mini da baki.
Da na iso saman ƙofa na tsaya.
Na kewaye wurin, ban rufe ba.
Na sa hannuna cikin nasa,
huɗu suka shiga daidai,
ɗaya ya tsaya a waje
bai san inda zai kwana ba.